Fil ɗin da na haɗiye a hanyar Zandam

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kudu, ni da innata, za mu Gwaram bikin 'yar yayarta. Ni ce mai yi wa amarya ɗaurin kai, jakata cike da wayar ƙarfe, kwali, duwatsun ado da fil.

Mota ta cika maƙil, kuɗinta ma ya ƙaru, direba ya ce tsadar mai ce. Gero ya fid da kai hagu da dama, gari ya yi luf da hadari. A wani ƙauye muka sayi ƙosai ta taga, wani tsoho ya ɗora mini kazarsa a cinya ba ko sannu.

Tun kafin biki amarya ta turo mini hotunan da ta gani a waya, zanen matan Ingila na ɗaruruwan shekarun baya. Wata ta sa hula mai kusurwa, Inna ta ce sai ka ce jinkar rumbu. Wata ta tsige gashin gaba don goshi ya yi faɗi. Amarya ta zaɓi mai kama da jinjirin wata, wadda ake turawa baya, a tsaga gashi a tsakiya, duwatsu jere a bakinta, baƙin ƙyalle na sauka ta ƙeya. Na haɗa ta da kwali da waya, ta yi kyau wallahi.

Da muka isa aka ba mu waina da miyar taushe. Na ɗora wa amarya hular, kakarta na gani ta riƙe haɓa.

"Ke 'yar nan, gashi a waje za a kai ta gidan mutane? A rufe!"

Dole na ɗora mayafi a kai, na kama shi da fil ko'ina.

Da la'asar aka ɗauki amarya zuwa Zandam, garin ango, ina gefenta a mota. Hanyar duk ramuka, ruwa ya cinye ta. Amarya tana kuka tana sunkuyawa, mayafin ya zame. Na cire fil ɗin, har da wani mai jan kai, na sa su a baki, yadda duk mai ɗauri take yi in hannu biyu na aiki. Mota ta faɗa rami. Na ja numfashi na ce innalillahi, na ji abu ya karce mini maƙogwaro. Da na tofar a tafin hannu, babu mai jan kai.

Mota ta rikice. Wata ta ce a ba ni lomar tuwo, wata ta ce in haɗiyi auduga. Direba ya ce, "Hajiya, kada a ba ta komai, asibiti za a." Aka ƙarasa aka sauke amarya, hularta a karkace, direba ya juyo da ni da Inna. Duk hanyar ban haɗiyi yawu ba, ina tofarwa a gefen zani. Ina ganin gonaki suna wucewa, ina tunanin ko ganin ƙarshe ne.

A asibiti a Birnin Kudu aka yi mini hoto. Likita ya ɗaga shi, ga fil nan fari, kwance a cikina. Ya ce in gode Allah bai bi ta huhu ba. Wataƙila ya fita da kansa. In na ji ciwo ko na ga jini, a kawo ni nan take, aiki za a yi.

Mun dawo gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗaya ne, kuma da ku nake, masu ɗauri da masu kama hijabi gaban madubi: kada ki ƙara sa fil a baki, soka shi a hannun rigarki.

Bai fita ba tukuna. A zaune nake barci, tsoron juyi nake. Ko tari na yi sai Inna ta miƙe ta ɗauki mayafinta.