Tayoyin da Muka Zaɓa a Sinnar

Laraba: daga Abu Na'ama zuwa Sinnar

Ladan bai yi kiran farko ba muka gama ɗaure buhunan iri a bayan boksi, ni da Kawu Haruna, ƙanin mahaifiyata. Boksi shi ne sunan a-kori-kura a wajenmu, tawa kuwa tsohuwa ce mai jan ƙafa huɗu. Dawa ce da gyaɗa a buhunan. Inna Hawwa, matar Kawu, ta tsaya a bakin ƙofa da tocila tana haska mana igiya har na tayar da mota. Ta leƙo ta taga ta ce, “Usumanu, ka kai shi da wuri. Ka san halinai.”

Ga dalilin tafiyar. Kawu ya haura shekara talatin yana noman hawasha ɗaya a Jazira, yamma da Hasahisa. Hawasha gonar ban-ruwa ce da ake shayarwa daga tur'a, wato babbar hanyar ruwa. Gonar ba tasa ba ce, ta wani Balarabe ce, Hajji Tayyib: shi da ƙasa da ruwa, Kawu da iri da ƙarfi, in an girbe a raba. Da yaƙi ya iso yankinsu suka gudo wurina, suka yi damina biyu a ɗakin ƙuryar gidana. Sai ga saƙon Hajji: ranar Asabar tarakta za ta zo ta yi kunya a layin gonakinsu, sau ɗaya kuma za ta zo. Wanda yake nan da iri a hannu shi zai shuka. In Kawu bai iso ba, Hajji ba zai bar ƙasa ta sake kwana fayau ba, zai ba wani.

Ban ga laifin Hajji ba. Amma tun da saƙon ya zo Kawu bai ƙara cin abinci a zaune ba.

Tayoyina sun yi sulɓi, har zare ya fara leƙowa a ta baya. Da su muka lallaɓa zuwa Sinja, muka sha shayi a Mai Wurno inda kowa ke gaishe ka da Hausa, muka shiga Sinnar rana tsaka. A hanya an tsayar da mu a shinge fiye da yadda zan iya tunawa. Tambayar ɗaya ce kullum: daga ina, zuwa ina, me ke cikin buhu. Wani ya soka ƙarfe a buhun gyaɗa, ya ɗanɗana, ya tofar, saboda Kawu ya riga ya zuba mata maganin ƙwari.

A kasuwar masu taya muka nemi Musa, wani mutumin Mai Wurno da na saba yin faci a wajensa. Ya mirgino mana kala uku ya jingina da bango. Ta farko faffaɗa ce mai laushi, ta yashi, irin ta mutanen arewa. Ta biyu ta tsaka-tsaki, zanenta bai yi zurfi ba, tana cin kwalta tana cin burji. Ta uku siririya ce doguwa, haƙoranta manya a wawware, yatsana biyu na shiga tsakaninsu.

“Wagga ta taɓo ce,” in ji Musa. “Laka ba ta zama cikinta, tana juyawa tana zubarwa. Amma bisa kwalta kuka takai, kuma ba ta daɗewa. Ina za ku?”

Na faɗa masa. Ni zuciyata tana kan ta ukun, bambancin kuɗin ma bai fi ƙarfinmu ba. Kawu ya taɓa ta da sandarsa ya girgiza kai.

“Mi za mu yi da wagga? Kwalta ce har Hasahisa. Daga nan bakin tur'a za mu bi, tudu ne, ko ruwa ya kwana zuba, da hantsi ya bushe. Mu mutanen Jazira ba mu san taɓo ba, ku na Abu Na'ama ku ad da shi.”

Musa ya rage murya ya ƙara wata magana. “Kuma ka san irin motocin da ka sa wagga yanzu, na masu bindiga. Ka iso shinge da ita huɗu sabbi, sai su ce ka sauko ku yi magana.”

Wannan ce ta karya ni. Na taɓa ganin mota a gefen hanya zaune a kan duwatsu an kwance mata tayoyi, mai ita tsaye kusa da ita hannu a ka. Muka ɗauki ta tsaka-tsaki. Wajen ƙafafun kuwa, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, ban saurari kowa ba. Musa ya nuna mini masu ƙyalli na alminiyam, marasa nauyi, na ce a ba ni na ƙarfe baƙaƙe, munana, waɗanda in sun lanƙwashe guduma ke gyarawa. Kafin mu bar wurin na ɗebi ƙasa da baƙin mai na shafe gefen tayoyin don su tsufa a ido. Muka kwana a rumfar Musa, muka ci wake da burodi.

Alhamis: Madani da Hasahisa

Motar ta ji daɗin sabbin takalma, ba kuka ba girgiza. Kawu har tsokanata yake: “Ka ji? Shiru kamar amarya. Da ka ɗauko waccan da kunnuwanmu sun toshe.”

Dariyarsa ta ƙare a Madani. Ban taɓa ganin gari ya tsufa da sauri haka ba. Shaguna ba ƙofofi, gidajen mai ba famfo, motoci ƙonannu jere a gefen titi ciyawa ta tsiro ta cikinsu. Mutane sun fara dawowa, ana shara, mata na sayar da shayi a ƙarƙashin bishiyoyi, amma kowa magana yake ƙasa-ƙasa. A shingen fita gari wani matashi da bindiga ya zagaya motar, ya harbi tayar gaba da takalmi, ya dube ta, ya ɗaga mana hannu. Kawu ya kalle ni ta gefen ido. Na ce, “Na gani, Kawu.”

Mun isa Hasahisa da la'asar, muka sauka gidan wani tela, Malam Idi, abokin Kawu. Gidan babu gado ko ɗaya, duk an kwashe, tabarma ya shimfiɗa mana yana ba da haƙuri. Na tambaye shi halin hanyar bakin tur'a. Ya ce shi bai bi ba tun da aka dawo, ya dai ji ana cewa ba a yashe tur'o'in ba. Kawu ya ce, “Tur'a tur'a ce. Tun kahin a haihe ku take nan.”

Juma'a: bakin tur'a

Da sassafe muka bi kwaltar Kamlin kaɗan, sannan muka karya yamma muka hau tudun tur'a. Da farko maganar Kawu ta fito. Tudun a bushe yake, tayoyin na kama shi da kyau, ruwa a damanmu, gonaki a hagunmu. Sai dai ruwan ba ya tafiya, ciyawa ta shaƙe shi, ƙaya kuma ta rufe rabin hanyar. Wani rami da ciyawa ta ɓoye ya lanƙwasa mini ƙafar gaba, iska ta fita. Na cire, na daddake bakin ƙarfen da guduma, na bugo iska da famfon ƙafa, muka ci gaba. Wannan kaɗai ne abin da ya tafi yadda na tsara.

Wajen hantsi tudun ya ƙare. Haka kawai, kamar an yanka shi da wuƙa. Tur'ar ta ɓalle, ta cinye hanyar, ruwan ya malale cikin gonaki ya janye, ya bar baƙar laka shimfiɗe. Ana hango inda tudun ya ci gaba a ɗaya gefen, jifa biyu bai fi ba.

Kawu ya sauka ya daɗe tsaye. “Wanga wuri ban taɓa ganin ya ɓalle ba,” in ji shi. 

Komawa Hasahisa a nemi wata hanya zai ci yini guda, kuma babu wanda ya san halin waccan ɗin. Na taka lakar da ƙafa, samanta ya yi ɓawo, ya ɗauke ni. Na rage iskar tayoyin, na sa ƙafa huɗu, na yi bisimilla na sauka. Mun ci rabi. Daga nan ɓawon ya fashe, na ji motar ta zauna. Da na leƙa, zanen tayoyin ya cike da laka, sun zama sumul kamar gindin tukunya, suna juyawa a wuri ɗaya.

Wanda bai san baƙar ƙasar Jazira ba ba zai gane ba. Ba santsi kawai gare ta ba, kamawa take. Ka kankare taya da itace, juyi ɗaya ta sake cikewa. Muka sauke buhunan muka kai kan tudu ɗaya-ɗaya, ni da tsoho mai ciwon gwiwa. Muka saro ƙaya muka cusa ƙarƙashi. Jak ya nutse. Waya babu sabis. Har rana ta faɗi motar ba ta matsa taku ɗaya ba, sai ƙara zama da ta yi.

Asabar

Wannan ranar ba na son tuna ta. Da gari ya waye na ce wa Kawu bari in taka in nemo mutane. Na bi tudun na sami wani kambo, irin unguwannin leburorin gona, babu kowa a ciki sai karnuka, rufin ɗakunan duk ya zube. Na dawo hannu banza. Tafiyar da ta rage mana ta fi ƙarfin ƙafar Kawu, ni kuma ba zan bar shi shi kaɗai da mota da iri a wannan dajin ba.

Na tarar da shi cikin laka har gwiwa yana tono da hannu. “Saura kaɗan,” in ji shi. “Gwada sau guda.” Na gwada. Ya ce in sake. Na sake, har na ji ƙaurin kuloci. Raina ya ɓaci, na kusa faɗa masa cewa da ya bar ni na ɗauki ta ukun da yanzu muna gona. Na dubi hannuwansa na haɗiye. Ni ma ai tsoro ne ya zaɓar mini, kuma Allah kaɗai ya san ko da mun wuce shingen Madani da ita.

Da azahar ya daina tono. Ya wanke hannu a tur'a, ya zauna a kan buhun dawa yana fuskantar yamma. Ya ce, “Yanzu taraktar tana gonar Abbakar, maƙwabcinmu. In ta gama ta shiga tamu.” 

Lahadi: hawasha

Da hantsi muka ji ƙarar inji. Tarakta ce tafe ta cikin gonaki, manyan haƙoranta na watsa laka baya. Direban Balarabe ne mai kirki, ya ɗaura mana sarƙa, ja ɗaya ya fitar da mu, ya ƙi karɓar komai. Kawu ya tambaye shi da Larabci daga ina yake. Ya faɗi sunan layin su Kawu. Ya ce jiya ya gama, har mutane sun bi shi da shuka.

Duk da haka Kawu ya ce mu ƙarasa. Muka mayar da buhunan, muka isa kafin la'asar. Hawashar na kwance da sabbin kunyoyi, mace da miji da yara na binne iri a can ƙarshe. Mutumin ya hango mu ya saki sandar shuka. Sale ne, maƙwabcin Kawu a kambo, wanda shi ma ya dawo daga gudun hijira da 'ya'ya ba ko buhu ɗaya a ɗaki. Ya zo ya durƙusa.

“Baba Haruna, wallahi har azahar munka jira. Hajji ya ce...”

“Tashi, Sale. Na sani.”

Hajji Tayyib ya iso a kan jaki, ya rungume Kawu, yana ta ba shi haƙuri da Larabci, “ma'alesh, ya Harun, ma'alesh.” Kawu ya ce babu komai. Sannan ya shiga gonar yana ɗingishi, ya bi kunya har gefen gabas, ya kira Sale. Na ji yana ce masa, “Nan ruwa ka kwanciya. Kar ka sa gyaɗa nan, ruɓewa takai, sa dawa. Kuma bakin ruwanka na ƙasa yana yoyo, ka toshe shi kahin a sako.” Ya daɗe yana nuna masa wurare da sanda, Sale na biye da shi kai a ƙasa.

Da zan juyo Kawu ya ce in sauke masa tabarmarsa da buta. Na ce ya hau mu koma. Ya ce a'a. Noman farko na zuwa, Sale zai buƙaci hannu, za a biya shi na yini kamar kowa. Na roƙe shi har na gaji. Ya ce, “Usumanu, ɗakin ƙuryar gidanka na da kyau. Amma can ba ni da abin dubawa da sahe.”

Komawa gida

Direban taraktar ya kwatanta mini wata hanya ta arewa da ke fita kwalta kusa da Kamlin, na bi ta lafiya. Na kwana Hasahisa, na sake kwana Sinnar. Musa ya ga laka a jikin motar har taga, ya kawo mini shayi. Tayoyin ba su yi ko faci ba har gida.

Ina gode wa Allah da ya dawo da ni, ina gode wa Musa da Malam Idi da suka ba mu wurin kwana, da direban da ban ko tambayi sunansa ba. Allah ya saka musu.

Na iso Abu Na'ama da yamma. Inna Hawwa ta fito da gudu-gudu, ta dubi kujerar gaba, ta dubi bayan mota. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe.

“Ƙodago zai yi? Cikin gonatai?”

Na ce i.

Ta juya ta shiga ɗaki. Na ɗauka kuka za ta yi, sai na ji ƙarar kwanoni. Can ta fito da tukunya da muciya ɗaure a zane, ta ajiye a bayan boksi.

“In ka huta ka kai ni,” in ji ta. “Ba shi iya tuwo ba.”