Koriyar Hular Orval Tidmore

Orval Tidmore bai taɓa zama a aji ba a Kwalejin Noma ta Tallahala. Iyakar alaƙarsa da makarantar, yana saurayi ya taɓa kai musu buhunan abincin kaji a motar kawunsa, wani ɗalibi ya ba shi koriyar hula, launin makarantar, kyauta. Tun daga ranar ya zama ɗan Tallahala har ɓargo. In ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu, ta ci sai ka ji yana "mun ci", kamar da ƙafarsa aka yi gudun. In kuma an lallasa su, duk manomin da ke da hankali ba ya kai masa gyaran tarakta ran Litinin.

Allah da ikonsa, da ya tashi aure sai ya ɗauko Earlene, 'yar gidan da ko karensu jan ƙyalle ake ɗaura masa a wuya, launin Jami'ar Marlow. Su 'yan Marlow, lauyoyi da likitoci, garken alfadarai suke kiran Tallahala. 'Yan Tallahala kuma su ce da su 'yan gayu masu tsoron taɓo. Sau ɗaya a shekara makarantun biyu ke karawa, Asabar ɗin ƙarshen Nuwamba, bayan kowa ya cika ciki da talotalon bikin godiya. A makon nan ko fasto sai ya yi taka-tsantsan da launin laktayen da zai ɗaura.

A gidan Tidmore kuwa makon yana da tasa ƙa'idar. Earlene ba ta dafa koren abu, ko ganye ko kuɓewa, sai miyar tumatir da jan wake har ya gundure ka. Sannan ta ɓoye hular. Ba a taɓa yin shekarar da ba ta ɓoye ta ba. Ya taɓa tsintar ta a firji tsakanin kifi, ya taɓa ciro ta ƙarƙashin kaza mai kwanci, wata shekarar ma a kan gunkin korar tsuntsaye na gonar maƙwabci ya gan ta. Ya yi ta birkita gida yana faɗa, ita tana ninke kaya tana cewa, "In ka gaji ka sa ja, ai zai yi maka kyau." Shekara arba'in da wani abu suna haka, yana rantsuwar cewa bana zai sa wa hular kwaɗo, bai taɓa sawa ba. Sabo turken wawa.

Bana hula na rataye a ƙusarta bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa ta.

Mantuwa ce ta kama Earlene. Da mance makulli ta fara, sai ta zo tana barin murhu a kunne, har ranar da ta ja 'yarsu Darla gefe ta tambaye ta wane ne wannan mutumin da ke zaune a falo. Tun bazara aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke bayan coci. Kullum Orval sai ya je, ta gaishe shi da ladabi ta ce masa "bawan Allah". Ladabin nan ya fi masa zagi ciwo.

Ran Litinin ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya buɗe gareji, ya kwance injin da ba abin da ya same shi, ya rufe, ya tafi shagon shan gahawa. Can ya tarar da Hoyt Spradlin, abokinsa tun firamare, ɗan Marlow wanda bakinsa ba ya mutuwa.

"Ga alfadari nan ya shigo, a share hanya," in ji Hoyt. "Na ji mai jefa muku ƙwallon nan kafaɗarsa ta goce. Da haƙori zai jefa ke nan?"

"Ko da ƙafa ya jefa ya ishe ku. Yaran da in an ture su sai sun duba ko rigarsu ta yi datti."

"Ba wanda ya ci mu bana, mutumina."

"Don ba ku haɗu da maza ba ne."

Aka yi dariya. Amma Orval a baki kawai yake yi. A baya da tuni ya zana wa kowa yadda za a tsare Marlow a kan takardar goge baki, wa zai danne wa, wa zai zille ta hagu. Yau gahawar ma ta huce a gabansa. Hoyt ya lura, ya rage murya.

"Na samo tikiti biyu. Ka zo mu je, mu gasa haƙarƙari a bayan mota kamar da."

"Zan gani."

"Ta ɓoye hular?"

"Ina fa," Orval ya ce, ya miƙe ya fita.

A hanya dabara ta faɗo masa, irin dabarar da mutum ba ya gaya wa kowa don kunya. Ya koma gida ya ɗauki hular, ya kai ta ɗakin Earlene, ya ajiye kan ɗan teburin da ke gefen gadonta, kusa da hannunta, ya yi kamar mantawa ya yi. Washegari ya tarar da ita inda ya bar ta. Laraba ma haka. Ya matsar da ita kan bargo, ya yi ta zancen wasan da ƙarfi, har ya ce Marlow ba su iya komai ba sai kwalliya, maganar da a da za ta sa a jefe shi da cokali. Earlene ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, bawan Allah?"

Ran Alhamis Darla ta kawo talotalo da burodin masara da dafaffen ganye. Ya dubi ganyen nan kore shar a faranti ya ture.

"Baba, ai kai kake so."

"Ba a cin kore a makon nan."

"Dokar Mama ce fa, kuma ita..."

"Na ce ba a ci."

Ta ɗauke farantin. Ya zagaya gida, ya leƙa akurkin kaji ba tare da ya san abin da yake nema ba, ya kunna rediyo ya ji masana suna cewa Tallahala ba ta da ko alamar nasara, ya kashe. Gaskiya ko a jikinsa. A ci su da ɗari ma ya yarda, in dai matar nan za ta zage shi sau ɗaya.

Juma'a da safe ya shiga ɗakinta, babu hula. Ba ta kan tebur, ba ta kan bargo. Murna ta kama shi. Tsoho mai ciwon gwiwa ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin gado, ya ɗaga labule, ya buɗe kwandon wanki, yana ta mita da gangan, "Matar nan, matar nan, wallahi bana sai na sa kwaɗo." Sai ga Lavonne, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita, ta shigo da hular a hannu.

"Baba, wannan kake nema? Na ga kwana da kwanaki kana mantawa, sai na adana maka a ofis kar ta ɓata."

Ya karɓa ya yi mata godiya, don yarinyar kirki ce, ba ta san komai ba. Ya fita ya zauna a mota ya daɗe bai tayar ba.

Asabar garin ya rabu biyu, motoci na ta wucewa da tutoci, rabi ja rabi kore. Hoyt ya tsaya a ƙofar gida yana danna ham. Orval ya fito da koriyar riga, koren wando, har da safa, ya leƙa tagar motar.

"Ka ba jikanka tikitin."

"Kai dai tsoron kuka kake a gaban jama'a."

"Je ka, ɗan gayu. Ka kula da takalminka, an yi ruwa."

Da ya isa wurin Earlene ya tarar an fito da tsofaffi falo an jera su gaban talabijin. Earlene na kan doguwar kujera da jar suwaita, wadda Darla ta sa mata. Ya zauna gefenta, ya cire hular ya ajiye tsakaninsu, wannan karon ba da wata dabara ba, zufa ce kawai ta dame shi. Ta gaishe shi, ya amsa. Da ya ga zaman ya gagare shi sai ya tashi ya je ɗebo mata ruwa.

Yana dawowa 'yan badujalar Marlow suka shigo fili, jajaye tsaf, ganguna na tashi. Earlene ta ɗan gyara zama. Ta dube shi daga safa har wuyan riga, ta yatsine fuska, irin yatsinar da ya sani tun tana budurwa.

"Wa ya bar alfadari ya shigo ɗaki?"

Ruwan ya zube masa a hannu. Ya kai ɗayan hannun inda ya ajiye hula, wayam.

"Me kake nema, Orval?" ta ce, idonta na kan talabijin. "In ka gaji ka sa ja."

Ga bakin hular nan kore ya leƙo ta ƙarƙashin cinyarta, ko makaho ya gan shi. Orval ya kau da kai da sauri. Aka busa usur, aka buga ƙwallon farko, falo ya ɗauki hayaniya, shi kuwa ya juya wa talabijin baya, ya durƙusa da ƙyar ya fara leƙen ƙarƙashin kujeru ɗaya bayan ɗaya, daga can ƙarshen falon, inda ya fi nisa da ita.