Malama Furera da Garin da Ba Ya Son Ruwan Zafi

Kullum da sassafe, kafin ta wuce ƙaramin asibitin da ta shekara talatin tana aiki a Mainika, Malama Furera kan ratse gidan Alhaji Badamasi da cokali da mataci a jakarta. Wata biyu cur ta yi tana wannan zirga-zirgar, ba aikenta aka yi ba.

Alhaji Badamasi mai sayar da hatsi ne. Ƙiba ta kai shi ga ciwon suga, har ruku'u ya gagare shi, aka yi masa aikin rage tumbi a birni. Likita ya sallame shi da gwangwanin garin furotin mai gina jiki, ya ce a makonnin farko kada ya sha komai sai abu mai ruwa-ruwa, da wannan garin a ciki, domin shi zai riƙe masa jiki har ɗinki ya kama. In bai shiga ba, sai an mayar da shi gadon asibiti.

To, a nan abin takaicin yake. Yayarsa, Inna Hajaratu, wadda duk unguwa ta san hannunta a kunu, ta karɓi gwangwanin ta yi masa yadda ake yi wa gasara: ta kwaɓa, ta sheƙa masa tafasasshen ruwa. Gari ya dunƙule kamar awara. Ta ƙara suga don ya shawu. Alhaji ya kurɓa, ya amayar. Kwana huɗu ana haka, masu dubiya kuwa na shigowa da fura da farfesu suna cewa, "Daure ka ci, Alhaji, yunwa ce." Mutumin da cikinsa bai fi kofin shayi ba!

Ranar da Malama ta fara zuwa, ta same shi leɓe a bushe, ido ya faɗa. Ta nuna yadda ake yi: a fara dama garin da ruwan sanyi kaɗan har ya yi sumul, sannan a ƙara ruwa mai ɗumi a hankali, a tace, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Washegari ta dawo ta tarar da gudaji.

"Inna, ba na ce ban da ruwan zafi ba?"

"Ke 'yar nan, ɗanyen gari zan ɗura wa ƙanena? Tun ba a haife ki ba nake dama kunu."

"Wannan ba gero ba ne, Inna."

"To me ya fi gero? Ɗan sarki ne?"

Da wata ce, da tuni ta tattara jakarta. Malama ta haɗiye fushinta, ta tuna tsohuwar a ruga ta tashi.

"Inna, nonon da aka tatso yanzu-yanzu, kin san ɗuminsa?"

"Ko ido rufe."

"Iyakar zafin da yake so ke nan. Ni sai na yi ta gwaji, ke kuwa yatsanki ya sani."

Inna ta tsoma yatsa a kofi, ta taɓe baki. "Wannan ya yi zafi. Miƙo ruwan randa." Ran nan Alhaji ya shanye rabin kofi, bai amayar ba.

Yau yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ana yabon likitan birni, Inna tana faɗa wa kowa damunta ne ya tashe shi, kuma har yanzu ban ji wanda ya ambaci sunan Furera ba. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malama, ke ce kika tsaya a ƙofar ɗaki kina mayar da kwanukan dubiya, aka ce ba ki da kunya. Ke ce kika bar wa tsohuwa yabon domin mara lafiya ya sha. Rumfa sha shirgi! Ga shi za ki ajiye aiki a ƙarshen wannan shekarar. Mun gode, Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya ba ki masu kula da ke.

Ku kuma ma'aikatan lafiya masu tasowa, kada ku tsaya ga miƙa gwangwani da bayani a bakin ƙofa. Ku bi mara lafiya har madafi, ku ga hannun da zai dama masa.