Muryar Nazifi da Gem ɗin da Bai Fito Ba

Wata rana, bayan sallar azahar, ina zaune a shagon Rabilu mai saka gem, a kasuwar 'yan waya. Fad ɗina, wato abin da ake riƙewa a buga wasan gem, na kai ya duba min, maɓallin gudu ya daina dawowa.

Masu bibiyata kun san Rabilu. Hannunsa na da kyau a aiki, amma duk abin da ya gani a waya ya zama gaskiya a wurinsa.

A ranar ma musu muke yi.

Wani mai shafin labaran gem ya saki bidiyo da safe, wai gem ɗin motocin nan da aka daɗe ana jira ya ɓulla ta bayan fage tun kafin ranar fitowarsa, wai har tsohuwar na'ura ma tana ɗauka. Ya ajiye linki a ƙasa. Ya rantse, ya sake rantsewa.

Na ce wa Rabilu ƙarya ce tsagwaronta. Masu yin gem ɗin ko ranar fitarwa ba su sanar ba, sai wani mai ɗaukar bidiyo a soron gidansu ne zai riga duniya samu?

Rabilu ya ce hassada ce ke damuna, don shafin mutumin ya fi nawa mabiya. Ya ma riga ya sauke fayil ɗin, na'urar da zai gwada a kai kawai yake jira.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya yi sallama.

Farin gemu, hula a tsaye, da alama ba ɗan wannan layin ba ne. Ya rungumo wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Ya ɗora a kan tebur a hankali, ya kwance.

Tsohuwar na'urar gem ce, amma tsaf da ita, ko ƙura babu.

Ya ciro wayarsa ya nuna wa Rabilu bidiyon nan dai da muke musu a kai. Ya ce wannan yake so a saka masa.

Rabilu ya kalle ni ya yi murmushin wanda ya ci musu, ya ɗauki na'urar ya shige bayan kanta.

Ni kuwa na matsa na ba dattijon wuri a benci. Na ce masa, Baba, ni fa ban yarda da labarin nan ba. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai mutumin ya rantse da Allah. Wa zai rantse da Allah a kan wasan yara?

A duniyarsa rantsuwa tana da nauyi. A tamu ta masu neman mabiya, kamar gishiri ce, a barbaɗa a wuce.

A raina na ce iyakaci fayil ɗin ya ƙi buɗewa, ya ɗauki abinsa ya koma gida.

Don in sauya hira na tambaye shi ko na'urar ta jikokinsa ce.

Ya ce ta ɗansa ce, Nazifi. Ya rasu bara, tifa ce ta bi ta kan babur ɗinsa a hanyar dawowa daga makaranta.

Na yi masa gaisuwa. Ya amsa, sannan ya ci gaba kamar wanda ya daɗe bai samu mai saurare ba.

Ya ce shi bai taɓa riƙe fad ba a rayuwarsa. Lokacin da yaron ke raye faɗa ma yake masa a kan gem ɗin, har ya taɓa kulle na'urar a akwati lokacin jarrabawa.

Bayan sadakar arba'in ne wani abokin Nazifi ya zo gidan, ya kunna masa ita, ya nuna masa wani wuri a ciki.

Ku 'yan gem kun san wurin. Idan ka yi wata bajinta, ka danna maɓalli na'urar ta ajiye maka bidiyon abin da ya wuce. Idan kana sanye da abin magana a kunne, har da muryarka take ɗauka.

Nazifi ya tara irin waɗannan da yawa.

Dariyarsa tana ciki. Tsokanar da yake wa abokansa tana ciki. Akwai guda ɗaya da dattijon ya ce shi ya fi kunnawa: ana tsakiyar wasa, sai a ji muryarsa shi kansa daga bakin ƙofa yana cewa an kira salla, sai yaron ya amsa yana dariya, Baba ga ni nan, yanzu zan taso.

Hotunansa suna da su a gida, in ji shi. Murya ce babu. Wayar yaron ta farfashe a wurin hatsarin.

Ya ce tun Nazifi na raye ba shi da zance sai na wannan gem na motoci. Kullum an kusa, kullum wata mai zuwa. Har ya koma ga Allah bai gan shi ba. Shi ya sa da wani maƙwabci ya turo masa bidiyon da safe, ya ji a ransa bari ya saka masa abin da ya yi ta jira, ko da ba ya nan.

Yana faɗar haka na tuna yadda ake aiki a layin nan.

Ga abin da wanda ba ɗan harkar ba bai sani ba. A layin masu saka gem, idan ka kawo tsohuwar na'ura ka ce a saka maka babban gem, fomatin ake fara yi mata, wato a goge komai don a samu wuri. Ba a ma tambaya. Yaran da ke kawowa sun san da haka, abin da suke so ke nan, tsoho ya fita sabo ya shiga.

Dattijon nan bai san akwai abin da zai faɗa ba. Rabilu bai san akwai abin da zai tambaya ba.

Na miƙe na leƙa bayan kanta.

"Rabilu, ka kwashe abin da ke ciki kafin ka fara?"

"Kwashe me? Ai sabon gem Baba ya ce."

"Bidiyoyin da ke ciki fa?"

"Tun ɗazu suka tafi. Ga shi har na fara lodi."

Dattijon ya taso ya tsaya a bayana. Ya tambaya ina suka tafi. Da gaske yake tambaya, a zatonsa wani wuri aka matsar da su.

Ni na yi masa bayani, don Rabilu ya kasa.

Rabilu ya tsayar da lodin. Ya kwance na'urar, ya ciro memorin, ya haɗa da kwamfuta. Ya kira wani maƙwabcinsa da ya fi shi sanin dawo da abin da aka goge. Shi ma ya gwada iya gwadawarsa, sannan ya girgiza kai, ya ce irin wannan na'urar idan aka yi mata fomatin aka kuma ɗora wani abu a kai, zance ya ƙare.

Na tambaya ko akwai kwafi a intanet. Babu. Na'urar da aka buɗe don saka gem na kasuwa ba a haɗa ta da intanet, kowa a layin ya san haka.

Duk wannan kai-komo dattijon yana tsaye, hannunsa a kan kanta. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Innalillahi kawai yake maimaitawa ƙasa-ƙasa.

Da ya ga mun yi cirko-cirko, sai ya ce to a ƙarasa saka gem ɗin. Tunda wancan ya tafi, ko wannan ya gani.

Rabilu ya mayar da komai, ya ƙarasa lodi, ya kunna.

Wani tsohon gem ne da yara suka daɗe da gajiya da shi. Hoton farko kawai aka sauya, aka liƙa masa sunan sabon.

Raina ya ɓaci sosai. Na ciro waya na shiga shafin mutumin nan don in zazzage masa abin da ke cikina. Bidiyon safe babu shi, ya goge. A wurinsa ga sabo, yana dariya yana cewa ashe ba gem ɗin ba ne, a yi haƙuri, amma yana da wani labari mai zafi a kan sabuwar na'urar da za ta fito, a biyo shi kada a bari a ba da labari.

A ƙasa mutane sai turo masa alamar dariya suke.

Rabilu ya fito daga bayan kanta ya durƙusa gaban dattijon, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce Baba ka yafe min, wallahi da na sani ko taɓa ta ba zan yi ba.

Dattijon ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya ce ya yafe, aikinsa ya yi kamar yadda ya saba.

Na raka shi bakin titi don ya samu adaidaita sahu. Na ce masa zan taya shi neman abokan Nazifi, wataƙila wani yana da saƙon muryarsa a waya. Ya gode min, amma ya ce sun riga sun tambaya tun bara, yaron rubutu yake yi, ba ya son aika murya.

Adaidaita ta tsaya, bai shiga ba. Wata ta zo, ita ma ya bar ta ta wuce.

Na ce Baba ko akwai abin da ya rage?

Ya ce mahaifiyar yaron ba ta san ya fito da na'urar ba. So ya yi ya ba ta mamaki. Har yau ba ta iya cin abincin kirki sai ya kunna mata ta ji muryarsa.

"Yanzu in na shiga za ta ce in kunna mata."

Ya tsallaka titi ya kama hanya da ƙafa.

Darasi:

Kai mai shafi, ƙaryar da ka saka don ƙarin mabiya ba a wayarka take tsayawa ba. Tana shiga gidan mutanen da suka ɗauki rantsuwarka da gaske. Kai ka goge bidiyo ka wuce, su abin da suka rasa ba ya dawowa. Idan masu gem ba su sanar ba, ka ce jita-jita ce, kuma ka bar sunan Allah ya huta.

Kai mai saka gem, kafin ka goge na'urar mutum, ka buɗe baki ka tambaye shi me ke ciki.

Kai kuma da kake karantawa, in akwai muryar wani naka a na'ura ko a waya, ka kwafe ta a filashi yau, ka ajiye wani kwafin a hannun ɗan'uwa.

Allah Ya ji ƙan Nazifi, Ya ba iyayensa haƙuri.

Ka tura wannan zuwa zauren 'yan gem ɗinku, musamman ga abokin nan naka da ba ya ganin linki ya ƙyale.