Mariƙin da Mai Walda Bai Sa Ba

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin maƙwabciyata tela, wadda shagonta ke ƙasan benenmu.

Mijinta mai walda ne. In ya taso daga aiki ya wanke hannu, sai ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa a kusurwar shagon, yana wani wasa da ake ƙera mutum-mutumin faɗa. Ka zaɓi ƙafa ko taya, ka ɗaura sulke, ka liƙa guduma ko zarto, sannan ka ɗora shi a dandalin wasan na intanet, duk mai so ya sauke ya gwabza da shi, ya sake masa fasali in ya ga dama. Nasa kuwa ko daga nesa za ka gane su, don kowanne da mariƙi a gadon baya, irin na tukunyar gas. Mariƙin nan ba ya duka, ba ya karewa, nauyi kawai yake ƙarawa.

"Malam, wa zai ɗauki abin da ke cikin kwamfuta?" takan tsokane shi.

"Ni dai ba na sakin aiki babu wurin kamawa," in ji shi.

Ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar na ƙarshe a kwamfutar, komai ya kammala saura mariƙi, bai ɗora ba.

Ba ta yi kukan da aka zata ba. Takan buɗe shago, ta kunna kwamfutar, mutum-mutumin ya yi ta juyawa a hankali a kan allo, ita kuma tana taka keke. Ba kallonsa take ba. In ka gaishe ta sai ta ce, "Lafiya," ta ci gaba da kalmasa.

Sai kwamfutar ta soma mutuwa da kanta. Ƙanin mijinta ya duba ya ce, "Matar yaya, wannan ta fi kakarmu tsufa. Ki ɗora shi a dandali tun tana numfashi, in ta tafi da shi za ta tafi."

"In na ɗora, taɓa shi za su yi."

"Za su taɓa mana. Haka wasan yake."

Ta ƙare hannun rigar da take ɗinki, ta cije zare, sannan ta ce, "Nuna min inda ake ɗauko mariƙi."

Ya nuna mata. Hannun da ke zura zare a allura ba tabarau ya kasa da linzamin kwamfuta, mariƙin ya zauna a karkace. Ya ce bari ya gyara, ta ce a bar shi. Suka ɗora.

Faɗan farko a gabansu aka yi. Nauyi ya rinjaye shi gefe guda, wani mai zarto ya kifar da shi. Kafin yamma wani ya sauke shi, ya cire mariƙin, ya sake ɗorawa, sai ga mutum-mutumin yana ta cinye faɗa. Ya ma rubuta godiya ga mai shi, wai aiki ya yi kyau.

"Kin gani? Yaya na ta cin mutane," in ji ƙanin.

"To," ta ce, ta jawo wani yadin.

Kwamfutar ta mutu bayan nan. Tana nan a kusurwa, an lulluɓe ta da ƙyalle, an ɗora gwangwanin maɓallai a kai. Mai mariƙin ma yana dandali har yau, ba mai sauke shi.

To kai da ka ji, a cikin biyun nan wanne ne na mai walda?