Sawun Saniya Guda a Burtali

A Nasarawa Burkullu, in ka tambayi Hammadu Malamin Daji, ko yaro zai nuna maka burtali, don can yake yini. Ɗan makiyaya ne da boko ya raba da sanda. Yayansa Umaru ya riƙe garken gidansu, shi kuwa ƙaramar hukuma ta ba shi kaki da keke, ta ce ya tsare daji da hanyar shanu.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta wannan burtalin Umaru ke dawowa da shanu daga kudu duk farkon damina. Tun kafin a hango ƙaho Hammadu ke jin kiran yayansa, sai ka ga babban mutum ya yar da keke yana gudu.

To, burtali ba a sace shi rana ɗaya, kunya-kunya ake cinsa. Kowane manomi ya ɗan ƙara ɗaya, ya rantse nan kakansa ya tsaya. Shekarar da soja suka miƙa mulki, hanya ta matse har shanun Umaru suka faɗa dawar mutane, aka yi cacar baki mara daɗi. Kafin kaka ta yi, Umaru ya kaɗa garkensa ya koma kudu.

"Hanyar ga ta ƙi mu, Hammadu," in ji shi. "Ran da ta buɗe, ka aiko."

Hammadu bai zauna ba. Daga zauren mai gari zuwa ofishin ƙaramar hukuma a Bukkuyum, ya yi ta safa da marwa har manoma suka gaji da ganinsa, suka janye kunyoyinsu. Ya kafa rassan cediya gefe da gefe, suka kama. Ya aika. Umaru ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ya sake cewa baɗi.

Kewa ta ishi Hammadu, ciyawa kuma ta rufe burtali. Wani manomi ya tare shi ya ce, "Malam, hanyar da ba a bi ai gona ce." Maganar ta yi masa ciwo, don gaskiya ce.

Saniya guda gare shi, wadda innarsu ta bar masa. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ya ja ta, su bi burtali daga wannan baki zuwa wancan. Zuwa ta gefen hagu, dawowa ta dama, don wanda ya ga sawu ya ce shanu na bi. In sun kai bakin kudu yakan bar ta ta yi kiwo, shi ya tsaya yana saurare.

Har ya ajiye kaki bai daina ba. Matarsa Tabawa takan tsokane shi, "Malam, saniya guda dai ba ta zama garke."

"Na sani, Tabawa," yakan ce, yana kwance igiya. "Amma ni na aika mai hanya ta buɗe. Kada ya taho ya ishe na yi ƙarya."