Andrawus Mai Fenti da Masu Kiran Ruwa

Wanda ya taɓa bin bayan manyan motocin da ke kwasar masara daga Birnin Gwari zuwa Kaduna, wataƙila ya ga hoton nan: mutum biyu cikin riguna masu ruwan toka a kan wani dutse marar ciyawa, ɗaya ta durƙusa ta kara kunnenta a ƙasa, ɗaya yana tsaye ya ɗaga hannu, taurari sun kewaye su har ƙarƙashin ƙafafunsu. Aikin Andrawus ne. Rumfarsa tana bayan tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da man juye. Mutum ne siriri, marar yawan magana, faratansa ba sa rabuwa da shuɗin fenti ko ranar Lahadi.

An haife shi a wani ƙauye da ke bayan Dogon Dawa, katanga ɗaya ta raba gidansu da gidan su Tasi'u. Uban Andrawus mutumin Gbagyi ne, manomin dawa da doya, dattijo a coci. Uban Tasi'u kuwa hatsi yake saye yana kaiwa kasuwa, shi ne ladanin unguwa. Yaran biyu a akushi ɗaya suka tashi, har mutanen gari suka daina tambayar ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Suna aji biyu a sakandare suka zo Birnin Gwari ranar kasuwa, suka saci jiki suka shiga gidan kallo da rana tsaka. Fim ɗin na Turawa ne, jirage suna ta yawo a tsakanin taurari. Turancin ya fi ƙarfinsu, amma ba su ko ƙifta ido ba. Ana tsakiyar abu janareta ya yi tari ya mutu. Mai gidan kallo ya ce a dawo gobe, su kuwa ba su da gobe a birni.

A bayan a-kori-kurar da ta mai da su gida, suna zaune kan buhunan taki, Tasi'u ya ce, "Ni fa na san yadda ya ƙare."

"Ƙarya kake yi."

"To saurara ka ji."

Abin da ya faɗa ba shi da haɗi da fim ɗin ko kaɗan. Ya ce tun kafin a kunna rana akwai wata tsohuwar ƙungiya, Masu Kiran Ruwa. Sararin sama cike yake da duniyoyi, mafi yawansu busassu, su kuma aikinsu su bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin jirage masu siffar ƙwarya. Bibbiyu suke tafiya. Ɗaya yana jin inda ruwa ya ɓuya a cikin dutse, ɗayan ya kira shi da sunansa na asali, sai ya ɓulɓulo. Mai ji ba ya iya kira, mai kira ba ya ji. Ba sa ɗaukar makami, ba sa kwana uku a duniyar da suka shayar. Abokin gabarsu shi ne Sarkin Ƙishi, wanda ke biye da su yana shanye abin da suka bari.

Washegari Andrawus ya yage tsakiyar littafin lissafinsa ya zana su. Daga nan aka raba aiki: baki na Tasi'u, hannu na Andrawus.

Girma bai raba su da abin ba. Tasi'u ya zama yaron mota, daga baya direba. Andrawus ya koyi rubutun alluna a Kaduna, ya dawo ya kafa rumfa, ya auri Alice. Ranar da aka ba Tasi'u babbar mota ta farko, bai kai ta ko'ina ba sai ƙofar rumfar. "Zana min su a baya," in ji shi, "kowa ya gani." Wasu direbobi suka gani suka so. Har faston su Andrawus ya taɓa tsare shi bayan sujada, ya tambaye shi ko mala'iku yake zanawa.

"A'a, Fasto," in ji Andrawus. "Ma'aikatan ruwa ne."

Duk ranar kasuwa, in Tasi'u ya gama lodi, sai ya zo ya zauna kan gwangwanin fenti, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ina muka tsaya?" Andrawus yana aiki yana saurare, wani lokaci ya yi gardama. Sun taɓa yin wata guda ba sa ga-maciji saboda Tasi'u ya kashe wani tsohon mai kira da Andrawus ke ƙauna. Matansu suna yi musu dariya. Huraira, matar Tasi'u, takan ce wa Andrawus, "Baban Gloria, ku da furfura ta fara fito muku, har yanzu kuna sama?" Littattafan zane suka kai goma sha ɗaya. A na ƙarshe, ƙungiyar ta ƙare saura mutum biyu, tsohuwa Yalwa mai ji da Gajere mai kira, kuma guguwar Sarkin Ƙishi ta raba jiragensu. Tasi'u ya miƙe ya kaɗe wandonsa ya ce sauran sai mako mai zuwa.

A daminar 2019 ke nan. Lokacin daji ya riga ya lalace. Mutanen ƙauyensu sun watse, gonaki sun koma saura, mota ba ta bin hanyar Kaduna sai an taru an yi ayari. Kwana biyu bayan wannan zama aka tsinci motar Tasi'u a gefen titi, ƙofa a buɗe, masara a zube. 'Yan bindiga sun shiga daji da shi da wasu matafiya. Aka yi ta fafutuka wata huɗu. Daga ƙarshe labari ya zo cewa zazzaɓi ya kashe shi a can. Aka yi zaman makoki babu gawa, Huraira ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Zariya.

Andrawus bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ɗaure littattafan da igiya ya tura ƙarƙashin gado. Ya ci gaba da rubuta allunan shaguna da lambobin mota, amma in direba ya ce a zana masa mutanen nan masu taurari, sai ya ce hannunsa ya manta. Ranar kasuwa ta fi kowace rana yi masa tsawo. Da ya ji babbar mota ta taka birki kusa da rumfa, sai ya ɗaga kai kafin ya tuna.

Bayan shekara uku, wata safiya, wata mata mai kimanin shekara arba'in ta tsaya a bakin rumfar da jaka a hammata. Ta ce sunanta Susan, malamar firamare ce a Kakangi kafin a rufe makarantar, yanzu tana zaune a Kaduna. Ta nuna masa hoton bayan wata mota a wayarta.

"Baba, kai ka zana wannan? Na ga sunanka a ƙasa."

"Ni ne. Tsohon aiki ne."

"Wannan da ta durƙusa Yalwa ce, ko? Na tsayen kuma Gajere."

Burushi ya faɗi daga hannunsa. Ban da shi da Tasi'u da matansu, babu mahalukin da ya san sunayen nan. Ya jawo mata benci, shi ya zauna a ƙasa.

Ta ce tare da Tasi'u aka kama su. Su goma sha tara ne a ƙarƙashin wasu itatuwa, ƙafafunsu a ɗaure. A kwana na biyar, da mata suka ƙi daina kuka, direban nan ya gyara zama ya ce, "Kun taɓa jin labarin Masu Kiran Ruwa?" Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya ba su kaɗan. Ya faro musu tun daga farko. Har wani cikin masu gadinsu yakan matso ya jingina da itace, ya yi kamar ba saurare yake ba.

"Kullum yana cewa abokinsa ne ya san fuskokinsu, shi murya kawai gare shi."

Andrawus ya ce, "Ya wuce inda guguwa ta raba su?"

"Ya wuce. Yalwa ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. Tana jin ruwa amma ba ta iya kiransa, sai ta riƙa tara duwatsu a duk inda ta ji shi, ko wani zai zo bayanta. Duniya arba'in ta yi wa alama."

"Gajere fa? Sun haɗu?"

"Ban sani ba, Baba. A nan aka sako ni. Ka yi haƙuri."

Ta ce wanda ya rage tare da Tasi'u har ƙarshe wani dattijo ne, Isaiah, ta ji an ce yana Funtuwa wajen ɗansa.

A makon nan Andrawus ya kwance igiyar littattafan. Ya zana duniyoyi arba'in ɗin, kowace da tarin duwatsunta, Alice tana leƙowa. Sau biyu yana zuwa Funtuwa kafin ya sami gidan. Ya tarar da Isaiah a zaure, idanunsa sun dushe, ƙafafunsa har yanzu da tabon sarƙa.

"Ɗana, ni ban riƙe labarin ba," in ji tsohon. "Kaina ba ya ɗaukar irin wannan. Muryarsa kawai nake bi don kada hankalina ya gudu. Da ciwo ya yi tsanani ma ya daina."

Amma akwai abin da ya riƙe. Shi da wasu Musulmi biyu suka roƙa aka bar su suka binne shi. Da itace da hannu suka haƙa ramin, a gindin wani babban maɗaci, kusa da rafin da ke da fararen duwatsu. Suka fuskantar da shi gabas, Musulmin suka yi masa salla, shi kuma ya tsaya a gefe ya yi tasa addu'ar.

Daga tashar Funtuwa Andrawus ya kira Huraira. "Maman Rahma, an yi masa sutura. An yi masa salla." Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya saka maka, Baban Gloria." Shekara uku tana kwana da tunanin ko kuraye ne suka cinye gawarsa.

Yanzu hanya ta ɗan yi sauƙi, motoci sun dawo tasha, Andrawus ya koma zana wa direbobi abin da suke so. Duk maharbi ko mai yankan katako da ya tsaya a rumfarsa, sai ya tambaye shi maɗaci da rafi mai fararen duwatsu. Rafuka uku aka kwatanta masa zuwa yanzu. Wani maharbi mai suna Obed ya ce ya san wurin, tafiyar yini ce daga Dogon Dawa, amma ba zai shiga da kowa ba tukuna.

"Bari ciyawa ta bushe," in ji Obed, "mu ga yadda dajin zai kasance."

Andrawus ya ce to. Ya sayi takalmin roba mai kauri, ya rataye shi a jikin rumfa.